Kaki babu iko: Me ya sa Amurka ta yi wa masu binciken fasinjoji shigar 'yan sanda?

A tsawon kwana 43 da harkokin gwamnatin tarayyar Amurka suka yi a tsaye, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, masu binciken fasinjoji a filayen jiragen saman ƙasar sun ci gaba da fitowa aiki ba tare da albashi ba. Wasunsu sai da suka koma karɓar tallafin abinci.

Ana tsakiyar wannan taƙaddama ta kasafin kuɗi, Sakatariyar Tsaron Cikin Gida Kristi Noem ta sanar cewa an samo hanyar biyan jami'an tabbatar da doka fiye da 70,000 da ke ƙarƙashin ma'aikatarta, da suka haɗa da na kan iyaka da na shige da fice da kuma jami'an da ke raka jirage a ɓoye. Masu binciken fasinjoji ba sa cikin waɗanda aka biya, saboda a wurin gwamnati su ba jami'an tabbatar da doka ba ne.

Wannan zai ba duk wanda ya taɓa sauka a New York ko Atlanta ko Houston mamaki. Mutanen da ke tsaye a bakin na'urar bincike sanye suke da shuɗiyar riga mai tambari a kafaɗa, ga bajon ƙarfe yana ƙyalli a ƙirji, kuma "ofisa" ake ce musu, kamar yadda Amurkawa ke kiran 'yan sanda. Amma ba sa riƙe bindiga, ba su da ankwa, kuma ba su da ikon kama kowa.

Ba da kuskure aka yi musu wannan shiga ba. Shawara ce da Hukumar Tsaron Sufuri ta Amurka, TSA, ta yanke a 2008, kuma tun daga lokacin ake ta muhawara kan abin da ta haifar ga fasinja da ma'aikaci da kuma tsaron jirgin kansa.

Daga farar riga zuwa shuɗiya

Kafin hare-haren 11 ga Satumban 2001, kamfanonin jiragen sama ne ke da alhakin binciken fasinjoji, su kuma sai su bayar da kwangilar ga kamfanonin gadi masu zaman kansu, galibi ga wanda ya fi araha. Albashin bai wuce mafi ƙarancin da doka ta ƙayyade da wani abin kirki ba, har ta kai a wasu filayen mai sayar da abinci ya fi mai bincike samu.

Wani rahoto da ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya fitar a shekarar 2000 ya gano cewa a manyan filayen jirage 19, yawan masu barin aikin a shekara ya kai kashi 126 cikin 100 a matsakaici. Ma'ana kafin shekara ta zagayo, an sauya ma'aikatan gaba ɗaya har da ɗoriya.

Bayan da mahara 19 suka sace jirage huɗu suka hallaka mutum kusan 3,000, majalisa ta karɓe aikin daga hannun 'yan kwangila. Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta kafa TSA ranar 19 ga Nuwamban 2001, kuma cikin shekara guda aka ɗauki dubun-dubatar ma'aikata. Kayan aikinsu na farko farar riga ce mai tambarin da aka ɗinka da zare.

Sauyin ya zo ne mataki-mataki a zamanin Kip Hawley, wanda ya shugabanci hukumar daga 2005 zuwa 2009. Da farko aka sauya musu suna daga "masu tantancewa" zuwa "jami'an tsaron sufuri". Sai a 2008 aka fito da shuɗiyar riga da bajon ƙarfe, aka fara gwada su a filin jirgin Baltimore, sannan aka baza su a faɗin ƙasar a daidai lokacin cika shekara bakwai da hare-haren. Horo na kwana biyu ma'aikaci ke yi kafin a maƙala masa bajon, kuma an hana shi sa shi idan ba ya bakin aiki.

A yau jami'an sun kai kusan 50,000 a filayen jirage kimanin 440, suna bincikar mutum fiye da miliyan biyu a kowace rana.

Hujjar da hukumar ta kafa

Hujjar TSA ba ta rasa tushe ba. Aikin mai bincike shi ne ya umarci baƙon da bai taɓa gani ba ya cire ɗamara, ya zubar da ruwan da ya saya da kuɗinsa, ya ɗaga hannu a shafa jikinsa. Fasinjan da ke tsoron jirgi ya bar shi kan huce haushinsa a kan wanda ke gabansa, kuma ma'aikatan sun daɗe suna kukan zagi da tunkuɗa, wani lokacin har da duka. Hukumar ta ce sabuwar shigar za ta sa a riƙa ganin girmansu, ta kuma ƙara wa su kansu ƙwarin gwiwa.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da sanin tasirin kaki. A wani gwaji da Leonard Bickman ya wallafa a 1974, an tura mutane titunan Brooklyn suna bai wa masu wucewa umarni irin su ɗauke takarda daga ƙasa ko bai wa wani kwabon biyan kuɗin ajiye mota. Idan mai umarnin ya sa kayan gida, da yawa sukan yi biris da shi. Idan ya sa kakin mai gadi, mafi yawa sukan bi, ko da yake umarnin ba ya cikin hurumin mai gadi.

Abin da TSA ta nema ke nan: biyayya cikin sauri a kan layin da dubban mutane ke bi a kowace awa. To amma gwajin na Bickman ya nuna har da ɗaya ɓangaren. Mutane na bin kaki ba tare da tambayar iyakar ikon mai shi ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Abin da ya fusata 'yan sanda

Waɗanda suka fara ƙorafi su ne ƙungiyoyin 'yan sandan filayen jirage. Dokar Amurka ta ɗora wa kowane filin jirgi alhakin samar da 'yan sanda masu makami, waɗanda yawanci na birni ne ko na jiha ko na hukumar filin. Su ake kira idan aka ga wani abu.

Misali, a 2023 jami'an TSA sun gano bindigogi 6,737 a jakunkunan hannu, mafi yawansu da harsashi a ciki, a 2024 kuma 6,678. A kowane karo, abin da mai binciken ke yi shi ne ya tsayar da na'urar ya kira ɗan sanda. Ɗan sandan ne ke fitar da bindigar, shi ne kuma ke yanke shawarar kama mutum ko sallamarsa bisa dokar jihar. Abin da hukumar ke iya yi daga baya shi ne cin tara.

'Yan sandan sun yi gargaɗi kan abu biyu. Na farko, idan tashin hankali ya ɓarke, jama'a za su ruga wurin mai bajo suna neman ceto, alhali ba shi da makami ko horon tunkarar ɗan bindiga. Na biyu, mai mugun nufi zai iya ɗaukar sa a matsayin abin hari.

Bambancin horon ma ba ƙarami ba ne. Ɗan sanda a Amurka kan yi awa 800 ko fiye a makarantar horo kafin ya fito titi. Sabon jami'in TSA kuwa 'yan makonni yake yi, ciki har da zama a cibiyar horo ta Glynco da ke jihar Georgia, inda aka fara tura su a 2016, kuma abin da ake koya masa shi ne karanta hoton na'ura da laluben jiki da duba takardu.

Ranar 1 ga Nuwamban 2013 wani ɗan bindiga ya shiga filin jirgin Los Angeles yana farautar ma'aikatan TSA. Ya kashe ɗaya, wanda shi ne jami'in hukumar na farko da aka kashe a bakin aiki, ya kuma raunata wasu mutum uku kafin 'yan sandan filin su harbe shi su kama shi. Babu wanda zai ce bajo ne ya jawo harin, domin maharin hukumar ce baki ɗaya yake ƙi. Amma lamarin ya nuna a fili abin da ake faɗa: a lokacin da aka fi bukatar ɗan sanda, masu kama da 'yan sandan su ma gudun tsira suka yi.

Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ta nemi a kafa wani rukuni mai ɗauke da makami a cikinsu. Shugaban hukumar na lokacin, John Pistole, bai amince ba. Ya zaɓi a ƙara yawan 'yan sanda a wuraren bincike a lokutan cunkoso.

A majalisa ma maganar ta taso. A Disamban 2011 'yar majalisar wakilai Marsha Blackburn daga Tennessee ta gabatar da ƙudurin da aka yi wa laƙabi da STRIP, wanda ya nemi a hana duk ma'aikacin da bai samu horon tabbatar da doka ba amfani da sunan "ofisa" da bajon ƙarfe da kaya masu kama da na 'yan sanda. Ƙudurin bai zama doka ba.

Baki biyu a gaban kotu

Inda lamarin ya fi ɗaure kai shi ne a kotu. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana hukuma ta binciki mutum ba tare da dalili ba. Abin da ya sa kotuna suka halasta binciken kowane fasinja tun daga 1973 shi ne cewa ba neman mai laifi ake yi ba, bincike ne na kariya don kada makami ko bam ya shiga jirgi. Wato halascin aikin ya rataya ne a kan cewa mai yin sa ba ɗan sanda ba ne da ke farautar shaida.

Sai ga wata shari'a daga Philadelphia. A 2006 wata fasinja ta samu saɓani da masu bincike kan yadda suka yi wa kayanta. Suka zarge ta da bugun su da jaka, suka kira 'yan sanda, aka tsare ta kimanin awa 18. A 2008 kotu ta wanke ta, ita kuma ta kai ƙarar gwamnati.

Dokar Amurka ta yarda a nemi diyya daga gwamnati kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba ko cin zarafi, amma sai idan wanda ya aikata jami'in bincike ne ko na tabbatar da doka. Lauyoyin gwamnati suka tsaya kai da fata cewa masu binciken TSA ba sa cikin wannan rukuni. Gwamnatin da ta kira su "ofisa" ta maƙala musu bajo ita ce ta ce wa alƙalai ma'aikata ne kawai kamar sauran.

A 2018 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka goyi bayan gwamnati. A Agustan 2019 cikakken zaman kotun ya soke wannan hukunci da rinjayen tara da huɗu, yana mai cewa mutanen da ake kira jami'ai, suke sanye da kaki da bajo, suke kuma lalube jikin jama'a da ikon doka, sun shiga cikin ma'anar dokar. Wasu kotunan ɗaukaka ƙara sun bi wannan sahu daga baya.

Shekara 13 matar ta yi kafin ta samu izinin a saurari ƙararta kawai. A duk tsawon wannan lokaci gwamnati na cin moriyar kwarjinin kakin a filin jirgi, tana kuma guje wa alhakinsa a gaban alƙali.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Idan manufar ita ce inganta tsaro, abin da ya biyo baya bai nuna hakan ba. A 2015, shekara bakwai bayan sauya kayan, babban sufeton ma'aikatar tsaron cikin gida ya tura jami'ansa a ɓoye da makamai da bama-baman bogi. Sun wuce ba a gano su ba a gwaji 67 cikin 70. Nan take Sakatare Jeh Johnson ya sauya wa muƙaddashin shugaban hukumar, Melvin Carraway, wurin aiki.

Riƙe ma'aikata ma bai gyaru ba. Wani rahoton sufeton ya nuna cewa a shekarun kasafi na 2016 da 2017 hukumar ta ɗauki jami'ai sama da 19,300, ta kuma rasa sama da 15,500. Gano wuƙa ko sassan bam a hoton jakar da ke cunkushe da wayoyi da caja abu ne da ido ke koya da daɗewa. Hukumar da ke zubar da ma'aikata haka kullum sabon shiga take sa wa a gaban na'ura.

Dalilin tafiyarsu kuwa sananne ne. Dokar 2001 ta ba shugaban TSA ikon tsara albashi da sharuɗɗan aiki shi kaɗai, ta ware su daga tsarin da sauran ma'aikatan tarayya ke kai. Sun daɗe suna cikin mafi ƙarancin albashi a gwamnati. Sai a 2011 aka ba su taƙaitaccen 'yancin yin ciniki ta hannun ƙungiya, sai kuma a Yulin 2023 aka daidaita albashinsu da na takwarorinsu. Bayan wannan ƙari ne hukumar ta ce yawan masu ajiye aiki ya ragu sosai. Abin da bajo bai yi ba cikin shekara 15, albashi ya yi shi cikin ɗan lokaci.

Ko wannan ma bai zauna daram ba. A Maris ɗin 2025 Noem ta soke yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadagon, kafin wata alƙaliya a Seattle ta dakatar da matakin a watan Yuni. A watan Maris ɗin dai, sanatoci Mike Lee da Tommy Tuberville suka gabatar da ƙudurin rusa TSA gaba ɗaya a mayar da binciken hannun kamfanoni. Dama akwai filayen jirage kimanin 20, ciki har da na San Francisco, da ma'aikatan kamfanoni ke bincike a ƙarƙashin sa-idon hukumar.

Ita kuma kariyar da aka ce kakin zai bayar, doka ta riga ta tanade ta. Duk wanda ya kai wa mai binciken fasinjoji hari yana bakin aiki na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10, ko mai binciken na da bajo ko babu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ƙasashe da dama sun zaɓi ɗaya cikin biyu, suka kuma bayyana shi ƙarara.

A Kanada, hukumar da aka kafa a 2002 tana bayar da kwangilar binciken ga kamfanoni, tana tsara ƙa'ida da horo. A Birtaniya filayen jirage ne ke ɗaukar masu bincike, 'yan sanda masu bindiga kuma na sintiri daban, kuma da wuya fasinja ya kasa bambance su.

Indiya ta bi ɗaya hanyar. Bayan sace wani jirgin Indian Airlines da aka kai Kandahar a Disamban 1999, ta fara miƙa tsaron filayenta ga rundunar CISF daga shekarar 2000. Dakaru ne masu makami da horo irin na soja, kuma su ne ke binciken fasinja. Wanda ya ga kakinsu ya san abin da ke bayansa.

Kowace hanya na da nata tsada da haɗari. Cika wurin bincike da bindigogi na nufin mai laluben jikin baƙo yana rataye da makamin da za a iya fizgewa, ga kuma hankalinsa ya rabu biyu. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙi ba jami'an TSA makami, kuma dalili ne mai ƙarfi. Matsalar Amurka ita ce ta yanke shawarar su zama farar hula, sannan ta yi musu shigar da ke faɗin akasin haka.

Inda maganar ta shafi Najeriya

Tambayar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Jami'an AVSEC na hukumar FAAN su ne takwarorin masu binciken TSA, kuma a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika ya sanar cewa an amince su riƙe makami.

Sai dai abin da fasinja ke fuskanta a Legas ko Abuja ko Kano yawan kaki ne. Akwai na shige da fice, da kwastam, da NDLEA, da masu duba tsirrai da dabbobi, da 'yan sanda, da DSS a cikin farin kaya. Da yawan matafiya, musamman masu fita karon farko zuwa Umara ko fatauci, ba su san wanda ke da ikon buɗe jakarsu ba, ko riƙe fasfo ɗinsu, ko hana su hawa jirgi. Wannan rashin sani shi ke buɗe ƙofar "a ba mu na goro". Umarnin da muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017 ya nemi hukumomin su haɗe bincikensu wuri guda, ya kuma haramta karɓar na goro, amma har yau matafiya na ƙorafi.

Abin da tarihin TSA ke nunawa shi ne ɗinka kaya da buga bajo su ne mafi sauƙi da araha a gyaran tsaro, shi ya sa hukumomi ke farawa da su. Hausawa kuwa sun ce fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Kafin a sauya wa ma'aikaci riga, akwai tambayoyin da ya kamata a amsa a rubuce, a kuma liƙa amsar inda fasinja zai gani: mene ne iyakar ikonsa, wane horo ya samu, wa zai kira idan abu ya fi ƙarfinsa, kuma ina wanda ya zalunta zai kai kuka.

A Amurka ta ƙarshen ta ɗauki shekaru a kotu. Ta albashi kuwa, wadda ita ce ta fi tasiri a kan ko za a gano bam a cikin jaka, tana sake tasowa duk lokacin da 'yan majalisa suka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi. Ya faru na kwana 35 daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019, ya kuma sake faruwa na kwana 43 a 2025, kuma a duka biyun layuka sun yi tsawo a wasu filayen saboda ma'aikatan da suka kasa fitowa aiki.